Mabuɗin Makunnin Injin Katako Ya Ɓace: Tambayoyi da Amsoshi

Duk kafintan da ya daɗe yana aiki da injinan lantarki ya san irin wannan safiyar. Ka jera katako, ka auna, ka miƙa hannu za ka tayar da zarto, sai ka tarar da rami a tsakiyar makunni, inda ɗan roban nan ruwan ɗorawa yake zama. An laluba aljihu, an tone garin katako, an tambayi yaran aiki, kowa ya rantse ba shi ne ya taɓa na ƙarshe ba. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan wannan ɗan abu. Don kada kalmomi su rikice: makunni shi ne abin da ake dannawa ko ɗagawa injin ya tashi, mabuɗi kuma shi ne ɗan roban da ake zarewa daga jikinsa.

Wai mene ne aikin mabuɗin nan? Ni dai na ga roba ce kawai.

Roba ce kawai, ba ka yi kuskure ba. Babu waya a cikinsa, babu ƙarfe, babu wata na'ura. Idan ka riƙe shi a tafin hannu za ka ga kai mai faɗi da ƙafa biyu ko harshe ɗaya da ke shiga cikin makunni. Ƙafafun nan su ne ke haɗa marfin waje, wanda yatsa ke taɓawa, da ɗan abin da ke motsa ƙarfen wuta a ciki. In babu su, marfin ya yi ta lilo a banza ba ya kama komai, ko kuma ya ƙi ɗaguwa gaba ɗaya, gwargwadon ƙirar makunnin.

An yi shi ne domin mutum guda: wanda bai kamata ya tayar da injin ba. Yaro ne da ya shigo wasa, ko ɗan koyon da bai kai ba, ko baƙon da hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Ana samun sa a zarto mai teburi, zarto mai ɗamara, injin huji na tsaye, injin goge katako, da akwatin makunnin da ake ɗaurewa a ƙafar teburin rawuta, wato injin hannun nan mai baki mai juyawa da ake yi wa katako tsagi ko adon gefe da shi. A yawancin ƙira, ko an zare mabuɗin injin yana gudu, ana iya kashe shi, sai dai ba zai sake tashi ba. Da gangan aka yi haka. Kashewa ba ta neman izinin kowa.

To in na zare shi, wuta ta yanke ke nan? Zan iya canza ruwan zarto hankali kwance?

A'a. Wannan ita ce tambayar da na fi so mutane su yi tun kafin ta mabuɗin da ya ɓace. Zare mabuɗi ba ya yanke wuta. Wutar tana nan a bakin makunni, tazarar da ke tsakaninta da moto ba ta wuce 'yan milimita ba. Idan ƙarfen ciki ya narke ya manne, ko garin katako mai laima ya cika wurin, ko wani ya taɓa yin dabara a wayoyin ba ka sani ba, mabuɗin da ke aljihunka ba zai hana komai ba.

Ruwan zarto mai inci 10 da ke juyawa sau 3,450 a minti, haƙoransa suna gudun da ya kai kusan kilomita 165 a awa. Ƙananan zartuna na ɗauka ma sun fi haka juyi. Hannun da ke kwance goro a jikin wannan ruwan bai kamata ya dogara da roba ba. Za ka canza ruwa, ko za ka ciro guntun katako da ya maƙale, to zare filogi daga soket, ka ɗora shi a kan teburin injin inda idonka ke ganinsa.

Injin nawa a kan teburi yake, makunnin a jikin teburin. Me zai hana in zare wayar injin in kai ta soket ɗin bango kai tsaye?

Nan ne mutane suka fi jin ciwo, don haka bari in ɗan tsaya. A teburin rawuta, da sauran mazaunan da ake ɗora injin hannu a kai, tsarin shi ne: wayar teburi ta tafi bango, wayar injin ta shiga soket ɗin da ke bayan akwatin makunni, shi kuma makunnin da ke jikin injin a bar shi a kunne dindindin, tunda yana can ƙarƙashin teburi hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Bayan wata shida mai injin ya manta sarai cewa a kunne ya bar shi.

Ranar da mabuɗi ya ɓace, sai ya ce ai abu mai sauƙi ne, ya zaro wayar rawuta ya sunkuya ya cusa a bango. Nan take injin ya tashi da dukan ƙarfinsa, bakinsa na juyawa fiye da sau 20,000 a minti, alhali sifana ko guntun katako na kwance a kan teburin, shi kuma yana durƙushe fuskarsa daidai da gefen teburin. Kuma ko da ya tuna ya kashe na jikin injin tukuna, ya rasa babban amfanin makunnin teburi, wato ya iya kashewa da tafin hannu ko gwiwa ba tare da ya saki katako ba. Laluben makunni a ƙarƙashin teburi, kusa da baki mai juyawa, ba hanyar kashe injin ba ce. A haƙura a jira mabuɗi.

Duk mabuɗan ba iri ɗaya ba ne? Ai duk launinsu ɗaya.

Launin ne kawai ya haɗa yawancinsu. Babu wani ma'auni guda da masana'antu suka yarda da shi. Wani ƙafafunsa dogaye ne, wani gajeru, wani akwai ɗan ƙugiya a ƙarshe, wani harshe ɗaya ne mai tsagi. Sai ka ga biyu sun yi kama kamar tagwaye, amma tazarar ƙafafun ta bambanta da milimita ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga ko ya shiga yana rawa. Akwai kuma baƙaƙe da jajaye.

Abin da ke rage wahala shi ne yawancin masu ƙera injinan ba su suke yin makunni ba, saye suke yi. Shi ya sa mabuɗin injin huji na wani kamfani yakan hau zarton wani kamfanin daban. Idan kana da injina biyu ko uku, gwada na ɗaya a ɗayan kafin ka nemi sabo. Amma gwaji a hankali, filogi a zare. Abin da bai shiga da yatsa biyu ba, ba nasa ba ne.

Ta yaya zan gane wanda ya dace da nawa?

Hanya biyu ce, kuma ta biyun ta fi ta farko tabbas.

Ta farko, nemi lambar samfurin injin. Tana kan ɗan faranti na ƙarfe ko takardar da aka liƙa a gefe ko bayan injin, sau da yawa ƙura ta rufe ta sai an goge. Da wannan lambar ake neman littafin injin, wanda a shafukansa na ƙarshe akwai zanen kayan ciki ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lambarsa. Mabuɗi yana da tasa lambar daban da ta makunni. Idan littafin ya ɓace, kamfanoni da dama suna ajiye kwafi a intanet.

A nan sunan da ke jikin injin yakan yaudari mutum. Misalin da aka fi sani shi ne Craftsman na Amurka. Kamfanin Sears da ya daɗe yana sayar da kayan Craftsman ba shi ya ƙera su ba, kwangila ya riƙa bayarwa, kuma alƙaluma ukun farko na lambar samfurin su ke nuna wanda ya ƙera. Wanda ya fara da 113 aikin Emerson Electric ne, 315 na Ryobi ne, 137 kuma na Rexon ne. Don haka zarto biyu masu suna ɗaya suna iya zama da makunni daban daban, alhali tsohon Craftsman mai 113 ya fi kusa da tsofaffin injinan Ridgid, tunda Emerson ɗin ne ya yi su. A 2017 kuma sunan Craftsman ya koma hannun kamfanin Stanley Black & Decker. Wanda ya je neman "mabuɗin Craftsman" kawai, ba lamba, caca yake yi.

Ta biyu, karanta jikin makunnin kansa. Zare filogi, kwance sukurori biyu ko huɗun da ke riƙe da akwatin, ka jawo makunnin waje kaɗan ba tare da ka cire waya ba. Hura ƙurar, ka haska fitila a karkace, domin rubutun a jikin baƙar roba aka zana shi, ba ya fitowa sai haske ya zo ta gefe. Za ka ga sunan wanda ya ƙera, lambar samfuri, da adadin ampiya da bolt. A injinan da aka ƙera a Sin da Taiwan sau da yawa za ka ga sunan Kedu, da lambobi irin su HY7 ko HY18. Da wannan lambar za ka nemi mabuɗi, ba da sunan zarto ba. Ɗauki hoton rubutun da na ramin mabuɗin, ka auna faɗin ramin da tazarar ƙofofinsa, ka kwatanta da hoton abin da za ka saya. Hoton da ya nuna kai kaɗai bai nuna ƙafafu ba, ba shi da amfani a gare ka.

Aiki na jira, mai kaya na kira. Ba zan iya cusa ƙusa ko sukudireba in tayar da shi na yau kawai ba?

Za ka iya, injin kuma zai iya tashi, shi ya sa dabarar ba ta mutuwa. Amma ga abin da ke faruwa a ciki. Ɗan abin da ƙafar mabuɗi ke turawa roba ce siririya, bayanta kuma ƙarfen wuta ne. Ƙusa ƙarfe ce, hannunka na riƙe da ita. Ko ba ta taɓa wuta ba, tana cinye robar kaɗan kaɗan, har ranar da mabuɗin gaskiya ya iso ya tarar babu abin da zai kama.

Babban haɗarin ma ba a kunnawa yake ba, a kashewa yake. An taɓa kawo mini zarton da aka daɗe ana tayarwa da tsinken katako da aka fiƙe. Da na buɗe makunnin, na tarar da guntayen tsinke uku da suka karye a ciki, sun cakuɗe da garin katako sun daskare kamar busasshiyar laka. Mai injin ya ce abin da ya sa ya kawo shi, katako ya cije ruwan zarto, ya bugi makunni da gwiwa, marfin ya sauka, amma injin ya ci gaba da kuka har sai da wani ya ruga ya fizge waya. Guntayen ne suka tokare abin da ke ciki a wurin kunnawa. Allah ya kiyaye babu wanda ya ji rauni, ruwan zarton ne kawai ya ƙone.

Kuma "na yau kawai" ba ya ƙarewa. Ban taɓa ganin ƙusar da aka sa ranar Litinin aka cire ranar Talata ba.

To in haɗa wayoyin kai tsaye, in riƙa kunnawa daga bango fa?

Wannan ya fi ƙusa muni. Injin da babu makunni a inda mai aiki ke tsaye, ba injin aiki ba ne. Kada ka yi, kada ka bari wani ya yi maka.

Na nema ko'ina ban samu ba. Injin tsoho ne, an daina yin kayansa.

Sai a canza makunnin gaba ɗaya. Sau da yawa ma hakan ya fi neman mabuɗi sauƙi, kuma sabon makunni da mabuɗinsa yake zuwa. Abin lura huɗu ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba.

Mafi nauyi shi ne ƙarfin wutar da zai ɗauka. Duba farantin moto ka ga ampiya nawa yake ja. Injin wat 1,500 yana jan kusan ampiya 6.5 a wutar bolt 230 irin ta Turai da ƙasashe da yawa, amma a wutar bolt 120 ta Amurka yana jan 12.5. Shi ya sa za ka ga lamba biyu a jikin makunni, ɗaya ta bolt 125, ɗaya ta 250. Karanta wadda ta shafe ka. Sabon makunni ya zama daidai da tsohon ko ya fi shi, kada ya gaza. Kuma ya zama na moto ne. Moto a lokacin tashi yana fizgar wuta ninki da yawa na abin da yake ja in ya daidaita, a lokacin kashewa kuma tartsatsi na tashi tsakanin ƙarafan. Makunnin fitilar ɗaki, ko da an rubuta masa ampiya masu yawa, ba don wannan dukan aka yi shi ba, zai yi baƙi ya manne. Wanda aka rubuta wa ƙarfin doki a jikinsa shi ne aka gwada da moto. Doki ɗaya wat 746 ne.

Sai yawan ƙafafun waya. Mai ƙafa biyu waya ɗaya yake yankewa, mai ƙafa huɗu yana yanke biyu. Idan tsohon mai huɗu ne, sabon ma ya zama mai huɗu. A injinan bolt 240 na Amurka wayoyin biyu duk masu wuta ne, dole a yanke su tare. A ko'ina ma mai huɗun ya fi, musamman inda filogi ke shiga soket ta kowace fuska, ba ka san wace waya ce mai wuta ba.

Sauran biyun, girman ramin da zai zauna da rufin da ke hana ƙura shiga. In sabon bai shiga tsohon rami ba, kada a fasa roba da wuƙa. A sa shi a akwatinsa, a ɗaure a ƙafar teburi inda gwiwa ke kaiwa.

Ni da kaina zan iya canzawa?

Idan iri ɗaya ne da tsohon, kuma ka saba riƙe filaya, aikin ɗan lokaci ne. Zare filogi. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka taɓa komai. Ka riƙa cire waya ɗaya kana mai da ita a ƙafar da ta yi daidai a sabon, kada ka zare duka ka tsaya tunani. Ɓangaren da ke zuwa daga bango daban, ɓangaren da ke tafiya moto daban, a jikin makunni akan nuna su da rubutu ko lamba. Wayar ƙasa, kore ko kore da ruwan ɗorawa, ba ta bi ta makunni ko kaɗan, jikin ƙarfen injin take zuwa kai tsaye. Duk bakin wayar da ya yi sako-sako a matse shi ko a canza, domin sako-sako ke kawo zafi. Manyan moto masu kwandensa kuwa, wato ɗan gwangwanin nan mai tara wuta a jikin moto, kwandensar na iya riƙe wuta bayan an zare filogi, kada a kai hannu wurinta.

Idan ka ga waya ta ƙone, ko injin mai layin wuta uku ne, ko hoton da ka ɗauka bai yi kama da zanen da ya zo da sabon makunni ba, kira mai gyaran wuta. Ba abin kunya ba ne.

Na ji ana cewa gara a sa makunni mai maganaɗisu. Me ya bambanta shi?

In dai za a canza, ni wannan nake ba da shawara, kuma dalilina ɗauke wuta ne. Makunni na yau da kullum, inda ka bar shi nan yake zama. Kana yanka aka ɗauke wuta, injin ya yi shiru, ka saki katako ka je duba janareta ko ka fita shan iska, ka manta a kunne yake. Da wuta ta dawo, zarto ya tashi shi kaɗai, katako na jingine da haƙoransa.

Mai maganaɗisu yana da ɗan koyil a ciki, wato naɗaɗɗiyar waya da ke zama maganaɗisu in wuta ta bi ta. Idan ka danna koren maɓalli, wuta ta bi ta koyil ɗin, shi kuma ya riƙe ƙarafan a haɗe. Wuta na yankewa koyil ya saki, makunni ya koma a kashe, ba ya tashi sai mutum ya sake dannawa. Na Kedu masu lamba KJD irin wannan ne. Yawanci suna zuwa da babban jan marfi da ake bugawa da tafi ko gwiwa, wasu kuma da kafar kwaɗo. Abin kiyayewa shi ne koyil ɗin na da nasa bolt. Wanda aka yi don 120 zai ƙone a 230, wanda aka yi don 230 kuma ba zai riƙe ba a 120. Haka in wuta ta yi rauni ƙwarai yakan saki da kansa, wasu su ɗauka lalacewa ya yi, alhali aikinsa yake yi.

Wani abu da ke rikita masu teburin rawuta: wasu sababbin injinan hannu suna da irin wannan kariyar a cikinsu, don haka ba sa tashi daga makunnin teburi ko da an bar nasu a kunne. Littafin injin ne zai faɗa maka yadda ake amfani da shi a teburi.

Akwai dokar da ta yi magana a kan wannan?

Ba a kan ɗan roban kansa ba, a kan abin da ake tsoro. A Amurka, ƙa'idar injinan katako ta OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, mai lamba 1910.213, ta ce inda tashin injin bayan dawowar wuta zai iya raunata mai aiki, dole a yi tanadin hana shi tashi da kansa. Wata ƙa'idar tasu, 1910.147, ta shafi kulle tushen wuta lokacin gyara, kuma a injin mai filogi abin da ta amince da shi shi ne a zare filogin ya kasance a hannun mai gyaran shi kaɗai. A Tarayyar Turai, dokar injina ta 2006 ita ma ta hana injin tashi ba zato bayan yankewar wuta, shi ya sa injinan da ake sayarwa a can suka fi zuwa da mai maganaɗisu, na Amurka kuma da ɗan mabuɗin roba. Waɗannan dokokin wurin aiki da masana'anta ne na ƙasashensu, amma hankalin da ke cikinsu na kowa ne.

Wani ya ce zai buga mini da firintar 3D. Zai yi?

Yakan yi, kuma ga tsohon injin da aka daina kayansa, ya fi ƙusa nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce firintar, wadda na'ura ce da ke ƙera abu da narkakkiyar roba, hawa-hawa take jera robar, ƙafar mabuɗi kuma siririya ce, ta fi karyewa daidai inda hawa ya haɗu da hawa. A buga shi a kwance, yadda layukan za su bi tsawon ƙafar, a cike ba rami a ciki. Robar PLA da aka fi amfani da ita tana fara laushi a zafin da ya kai wajen digiri 60, ga ta da saurin tsagewa. PETG ko nailan sun fi. Kafin a jona wuta, a gwada kunnawa da kashewa sau da yawa, a tabbatar kashewar tana sauka da ƙarar nan ta "ƙas" kowane lokaci. In sau ɗaya ya cije, a jefar.

Ƙafar mabuɗin ta karye a ciki.

Zare filogi, ka ciro guntun da matsefata ko siririyar filaya. In ya nutse, cire makunnin ka kifa shi ka bubbuga a tafin hannu. Kada ka sa gam a bakin tsinke don ka manno shi, gam ɗin zai gangara ciki ya gama da makunnin.

Na sa sabon mabuɗi, ya shiga daidai, amma injin bai tashi ba.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Akwai wuta a soket? Wasu zartuna suna da ɗan maɓallin da ke fitowa in moto ya yi zafi, sai an danna shi ya koma. A teburi kuma, duba ko wani ya kashe makunnin jikin injin.

Sai ka saurari makunnin. Idan marfin na ɗagawa sakayau babu ƙara, ko dai ƙafar mabuɗin ta gaza tsawo, ko abin da take kamawa ya cinye. Idan akwai ƙara amma babu wuta, galibi garin katako ne ya shiga tsakanin ƙarafan, ko sun ƙone. Hura iska mai ƙarfi ta kowace kafa, filogi a zare, ka sake gwadawa. In kana da mitar gwajin wuta ta hannu, auna ko wuta na wucewa tsakanin ƙafar shiga da ta fita idan an kunna. Makunnin da ke wari kamar ƙonanniyar roba, ko wanda sai an jijjiga yake kamawa, ya gama aiki. Wasu kan buɗe su kankare ƙarafan da samfefa, ya yi mako biyu ya koma. Ni ba na yi.

Nawa ba shi da mabuɗi, ɗan rami ne kawai a jikin marfin.

Na kwaɗo ne. Sa ƙaramin kwaɗo mai dogon wuya, ka samu kariyar da ta fi ta roba. Ga injin da ba shi da ko ɗaya, akwai ɗan akwatin da ake rufe kan filogi a ciki a datse da kwaɗo.

Mabuɗin zarton SawStop shi ma irin wannan ne?

Kada a haɗa su. Zartunan SawStop, waɗanda suka shiga kasuwa a 2004, suna da birkin da ke tsayar da ruwa cikin ƙasa da kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa idan ya taɓa fata. A manyan samfuransu akwai mabuɗin da aikinsa kashe wannan birkin na ɗan lokaci, don a yanka abin da wuta ke bi, kamar alminiyom ko jiƙaƙƙen katako. Wato shi cire kariya yake yi. Idan ya ɓace, a nema daga kamfanin ko dillalinsa da lambar samfurin, kuma a ajiye shi nesa da injin.

In ɗaure sabon da igiya a jikin injin mana, kada ya sake ɓacewa?

Ya danganta da wanda ke shiga wurin. Mabuɗin da ke rataye a jikin makunni ba ya hana kowa komai, yaro ɗan shekara huɗu zai gane inda ake cusa shi kafin ka juya baya. Idan akwai yara ko masu koyo, ko wurin ba ya kulluwa, ɗaure shi daidai yake da jefar da shi. Idan kai kaɗai ne kuma ƙofa na da kwaɗo, to ƙofar ce kariyarka, igiyar ba ta rage komai ba. Sai dai ta zama gajeriya, kada ta kai inda bel ko ruwa ke juyawa, kada kuma ta hana marfin sauka.

Galibi ma ba sata ke ɓatar da su ba. Gwiwa ce ke goge shi ya faɗo cikin garin katako, mai shara ya kwashe, ko bututun zuƙar ƙura ya haɗiye. In bai daɗe da ɓata ba, zazzage buhun ƙurar a kan leda ka tace kafin ka sayi wani. Maganaɗisu ba zai taimake ka ba, roba ce.

Guda nawa zan saya?

Uku. Ɗaya na aiki, ɗaya a aljihun tebur mai kulluwa tare da littafin injin, ɗaya a wajen wurin aikin gaba ɗaya. Idan injinanka da yawa ne, rubuta sunan kowane injin a bayan mabuɗinsa da alƙalamin da ba ya gogewa. Wanda kake aiki da shi, huda gefen kansa da ƙaramin bakin injin huji, nesa da ƙafafun, ka sa zobe ka haɗa shi da makullin ƙofar wurin aikin, ta yadda ba ka iya kulle ƙofa da yamma sai ka zare shi daga makunni. Lambar makunnin da ka karanto da fitila kuwa, rubuta ta a cikin murfin akwatinsa, da ampiya da bolt ɗinta, don kada ka sake kwance sukurori a karo na gaba.